Zaren Telefirik ɗin Abdulghaffar

Akwai wani dattijo a Aziziyya ta Jidda, Abdulghaffar, haifaffen nan, mai gyaran lantarki. Mutumin kirki ne, amma fa idan ya hau sai dai a ba shi hanya.

Ɗaki guda ya ware wa wasansa: layin dogo da ƙananan jirage, da dutsen kwali, da telefirik, wato 'yar motar da ke hawa dutse a rataye jikin igiya, irin ta garin Ɗa'if. Igiyar kuwa zaren nailan ce.

Telefirik ɗin ya hana shi sakat. Kullum da safe lafiya lau yake. Sai ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya tafi aiki. Da la'asar yana kunna telefirik ɗin, zare ya zame daga kan taya, mota ta faɗo kan jirage.

Ya sake moto, wato injin da ke jan zaren, sau biyu. Ya goge tayoyi, ya rage gudu. Duk a banza.

Sai ya ce ai wani ne ke taɓawa. Wa ke shiga ɗakin da rana? Bara'atu mai shara, wadda ta zo umra daga Damagaram ta zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama. Aikin gidan nan shi ne rufin asirinta, da shi take ciyar da marayunta uku.

Ta rantse ba ta taɓa ba. Matarsa Mastura, wadda ta shekara talatin a kan keken ɗinki, ta ce ya bari ta duba zaren. Ya daka mata tsawa, wai me mai ɗinki ta sani game da inji.

Ranar da motar ta faɗo ta fashe, ya fito idonsa jawur.

"Halas, shi ke nan! Kwashe kayanki, yalla, fita," ya ce wa Bara'atu.

"Alhaji, wallahi ko tsintsiya ba na kaiwa wurin," in ji Bara'atu.

Ko kallonta bai yi ba. Ni dai abin ya ƙona min rai, a raba mace da abincinta saboda abin wasa.

Ya rataya sabuwar mota, ya kulle ɗakin, ya sa makulli a aljihu. Washegari da la'asar sabuwar motar ta faɗo. Rana ta biyu ma haka.

A kwana na uku Mastura ta shiga ba tare da neman izini ba, ta ja zaren da yatsa, ta kira mijinta da alkunyarsa.

"Abu Tariq, taɓa ka ji. Idan ka kashe sanyi, zafi da danshin teku su cika ɗakin, nailan ya saki. Kai ne kake kayar da motar kullum da hannunka."

Ta ɗauko zaren takalmi mai kakin zuma, shi kuma ya ƙara ɗan sifirin mai riƙe shi a miƙe. Telefirik ya yi ta hawa da sauka, ko gezau.

Kunya ta rufe shi, amma girman kai ya sa ya ƙara mako guda kafin ya tafi unguwar Bab Makka neman Bara'atu. Matan da ke talla a wurin suka ce tun da ya kore ta take sayar da ƙosai a bakin titi. Shekaranjiya aka kama ta saboda rashin iƙama, za a mayar da ita gida.

Har yau bai samu inda zai aika mata da ban haƙuri ba.

Darasi: Kada fushi ya sa ka ɗora laifi a kan wanda ba shi da mai tsaya masa. Fara binciken kanka, ka saurari na kusa da kai, kuma idan ka gane ka yi zalunci kada ka jinkirta gyara. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya tsaya ya yi tunani.