Gangar Ƙarshe ta Gonar Baba

Akwai wani manomin inabi a wani gari mai suna Katsunuma, ana ce masa Tokuji. Mutum ne mai taurin kai, wanda bai taɓa cewa "ban sani ba" a rayuwarsa. Kullum da yamma zai kafa ƙatuwar kwalbar giyar inabi a gabansa, ya riƙa tsiyayawa a kofin shayi yana kwankwaɗa, yana bugun ƙirji wai duk garin babu wanda ya kai shi sanin giya.

Shekarar da guguwa ta tumɓuke tsofaffin itatuwan inabin da mahaifinsa ya dasa, ɗan abin da aka tsira da shi ganga ɗaya ya bayar, ita ma ba ta cika ba. Ganga kuwa in ba a cika ta ba, iska ce ke lalata ta. Dole a ƙara mata daga wata gangar.

Mai kula da ɗakin gangunan ita ce Chizuru, 'yar marigayi wansa. Ita da Tokuji ba sa ga maciji da juna tun da aka ba ta mabuɗin ɗakin aka hana shi.

Ranar zaɓen gangar da za a yi ƙarin da ita, Chizuru ta ɗebi kaɗan, ta shinshina, ta kurɓa, ta juya a baki, sannan ta tofar a bokiti. Tokuji ya ji kamar a fuskarsa ta tofa.

"Ke! Gumin mutane kike zubarwa a bokiti? Rashin tarbiyya!"

"Baffa, in na haɗiye, kafin ganga ta biyar harshena ya mutu."

"Harshen naki na auduga ne? Tun kina cikin zanen goyo nake shan abin nan."

"Sha kake yi, Baffa. Ba ka taɓa tsayawa ka ji me kake sha ba."

Maganar ta soke shi. Don ya ƙona mata rai, duk gangar da suka je sai ya cika kofin shayinsa ya shanye, har da lashe baki. Kafin su kai ƙarshen ɗakin, idonsa ya yi ja, muryarsa ta yi sama.

A ƙaramar gangar da ke lungu, Chizuru ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Wannan ta fara tsami. Kar ta kusanci gangar inabin Kaka."

Tokuji ya shanye kofi guda. Maƙogwaronsa ya ji ɗumi, shi ke nan abin da ya ji.

"Zuma ce wannan! Don ni na haɗa ta kike kushewa. Na san halinki, munafuka."

"Ka bari sai gobe, ka ɗanɗana da bakin safe."

"Gangar ubana ce ko ta ubanki? Fita!"

Ya fizge mabuɗin, ya tura ta waje, ya juye mai tsamin cikin gangar mahaifinsa har baki. Ya toshe yana murmushin wanda ya ci nasara. Wallahi girman kai mugun ciwo ne.

Watanni suka wuce, ranar tunawa da rasuwar tsohon ta zo. Dangi suka cika gida. Tokuji da kansa ya buɗe gangar, ya ajiye kofin farko a gaban hoton mahaifinsa, ya miƙa na biyu ga mahaifiyarsa, Iya Matsue, wadda ta haura shekara casa'in.

Tsohuwar ta kurɓa, ta riƙe a baki. Sai ta jawo kwanon miya da ke gabanta ta tofar.

"Wa ya kawo mini ruwan tsami? Ina na gonar babanku? Shi nake jira."

Chizuru ta kau da kai, ko kallonsa ba ta yi ba.

Tokuji ya ɗauki kofi. Karon farko a rayuwarsa ya kurɓi kaɗan, ya bar shi a kan harshe. Tsamin ya hau masa har hanci.

"Tokuji, da kai nake," in ji tsohuwar. "Je ka ɗebo mini na babanku."

Ya sunkuyar da kai.

"Babu saura, Iya."

Darasi: Daɗewa kana haɗiye abu ba shi ne saninsa ba. Mai ɗanɗanawa yana tsayawa ya saurara, mai kwankwaɗa cikinsa kawai yake cikawa. Kada ƙin mutum ya sa ka ƙi gaskiyar da ke bakinsa, don wata ɓarnar ba ta da gyara. Ku tura wa duk wanda kuka san ba ya jin bari, tun kafin ya ji hoho.