Zabdi Mai Awaki da Dilan Bayan Zango

"To, ga ta nan tafe, ga ta nanku."

"Ta iso mu ji ta, Kaka!"

Tatsuniyar Bani Isra'ila ce, lokacin da suke yawo a jejin da babu gari babu rijiya. Duk inda suka yi zango, tantin ibada ake fara kafawa a tsakiya. Masu hidimarsa su kewaye shi. Sannan kabilu su jeru, uku gabas, uku kudu, uku yamma, uku arewa, kowa ƙofarsa na duban tsakiya. Akwai wani girgije da ke tsaye bisa tantin nan. In ya ɗaga, a busa ƙaho a tashi. In bai ɗaga ba, a zauna.

To, a layin ƙarshe na arewa akwai wani mutum, Zabdi, mai awaki. Shi da tsohuwarsa Hogla, makauniya. Zabdi bai da mugunta, sai dai mita. Ko ruwa ka ba shi sai ya ce ƙoƙon ya yi ƙanƙanta.

Ran nan yana kiwo sai ga Dila.

"Sannu, mai awaki. Kai kuwa me ka yi wa mutanenku suka jefo ka ƙarshen layi?"

"Haka aka tsara."

"Aka tsara! Hayaƙin hadayarsu a idonka, awakinka a bayanka. Juya ƙofarka waje mana, ka riƙa ganin dukiyarka."

Zabdi ya juya ƙofa. Tsohuwa ta shaƙi iska, ta ce, "Auta, ina ƙamshin turaren tantin Ubangiji?"

Ya ce, "Iska ce ta juya, Inna."

Aka kwana biyu, Dila ya dawo.

"Kash! Awakinka sun rame. Ga ciyawa can gindin tudu, ba mai taɓa ta."

"In girgije ya ɗaga fa?"

"Haba! Ku mutanen arewa ai ku ne na ƙarshen tashi. Sai na gabas sun wuce, na kudu sun wuce, a kwashe tantin, na yamma su bi. Ko barci ka yi ka farka, ka same su."

Zabdi ya tuge turaku, ya koma gindin tudu. Tsohuwa ta kasa kunne, ta ce, "Auta, ban ji waƙar masu hidima ba yau."

Ya ce, "Mura suke yi, Inna."

Ku ji ƙarya, yara. Mutum ɗari su yi mura rana ɗaya!

Karo na uku Dila bai ma yi sallama ba.

"Rana na dukan tsohuwarka. Bayan tudun nan akwai inuwar dutse, har da ɗan ruwa a kwarmi. Ko ba ka tausayinta?"

Wannan ta shiga zuciyar Zabdi, don yana son uwarsa. Ya goya ta, ya kora awaki, ya zagaya bayan tudu. Daga nan ba a hangen girgije, ba a jin ƙaho.

Tsohuwa ta ce, "Auta, shiru ya yi yawa. Mai da ni cikin mutane."

Ya ce, "Gobe, Inna."

Goben ta yi yawa. Ran da ruwan kwarmi ya ƙafe, Zabdi ya hau tudu ya duba. Babu girgije. Babu tanti ko ɗaya. Sai ramukan turaku layi-layi, da toka mai sanyi, da fili fetal a tsakiya. Ya ruga gabas, ba sawu. Ya ruga kudu, ba sawu. Ya ruga yamma, iska ta share komai.

Ya dawo yana kuka, ya tarar da Dila zaune bakin ƙofarsa. Ba shi kaɗai ba kuma, da danginsa.

"Kai ka ce zan same su!"

"Ni na ce. Amma wa ya tuge turakun? Ni hannu gare ni?"

"Me na yi maka?"

"Ba ka yi min komai ba. Yunwa nake ji. Muddin kana cikin layi, ba ni da hanya."

Suka faɗa wa awaki, ba su bar ko ɗan akuya ba. Zabdi ya goya uwarsa ya kama tafiya, bai san inda ya nufa ba. Diloli na biye, ba gudu, ba hanzari. Ya tsaya, su tsaya. Ya taka, su taka.

Tsohuwa ta ce, "Auta, na ji sawu a bayanmu. Mutanenmu ne?"

Wannan karon ya kasa yi mata ƙarya. Ya ce, "A'a, Inna. Na fitar da mu daga zango."

Ta kwantar da kanta a kafaɗarsa. Ba ta sake magana ba. Da rana ta karkata sai ya ji hannuwanta sun saki wuyansa. Shi ma ba a ƙara jin labarinsa ba.

Tun daga ranar dila ke bin bayan matafiya daga nesa, yana jiran wanda zai ware. Ku kuma ku riƙe wannan: wanda ya juya wa wurin ibada baya, ya bar jama'arsa, ba rana ɗaya yake ɓata ba. Kaɗan-kaɗan yake matsawa, kuma ba shi kaɗai yake hallaka ba.

Ƙurunƙus! Yau kan dila ne, kusu ya huta.