Gahawar da Ta Huce a Gaban Muhannad

Akwai wani matashi mai suna Muhannad a garin Karak, can ƙasar Larabawa. Da zai shiga jami'a sai da ya ci bashin karatu, yayarsa Rudaina, malamar firamare, ita ta tsaya masa.

Ya gama, ya samu aiki a Dubai, ya manta da bashin. Tara ta hau kai, aka fara yankar albashin Rudaina duk wata, ga 'ya'ya, ga miji a kwance ba lafiya.

Ana nan sai aka yi sanarwa: duk wanda ya ci bashin, in ya zo da kansa ya sa hannu zai biya a hankali, an yafe masa tarar. Rudaina ta kira shi a waya.

"Ƙanena, hannu kawai za ka sa."

"Yaya, in baro aikina saboda 'yan dinarin nan? Ai suna yanka a naki, kin saba."

"Maganin mijina nake kasa saye."

"Wa ya aike ki auren mara lafiya?" Ya kashe wayar.

Wa'adi ya wuce. Kafin ƙarshen shekara mijinta ya rasu. Muhannad ya turo ta'aziyya ta waya.

Da bazara ya dawo neman auren 'yar wani attajiri, Abu Zaidun. Ya tara dattawan dangi suka je gidan attajirin, an yi odar mansaf, abincinsu na biki mai shinkafa da naman rago. Aka zuba gahawa, babban kawun Muhannad ya ajiye kofin a ƙasa bisa al'adarsu, sai an ba su yarinya zai sha.

Abu Zaidun ya dubi Muhannad.

"Matata makarantarsu ɗaya da Rudaina. Wadda kuka fito ciki ɗaya ka yi wa haka, tawa 'yar fa? Ku ɗauke kofinku."

Dattawa suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kalli Muhannad.

Ya ruga gidan Rudaina. "Yaya, ki rufa min asiri. Ki je ki ce masa na biya ki."

Tana tankaɗe gari, ba ta ɗago ba. "Ba ni da kuɗin mota, Muhannad. An yanke."

Ta sa ƙafa ta tura ƙofar.

Darasi: Wanda ya tsaya maka a bashi, wuyansa ya ba ka. Kada ka bar shi yana biyan karatunka da abincin 'ya'yansa. Ku tura wa duk wanda wani ya taɓa sa wa hannu.