Gayyar Kurege a Kangon Bayan Kududdufi

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa."

"Ta zo mu ji ta, Iya, mun kasa kunne."

Kurege ne da matarsa da 'ya'yansa bakwai suke haya a zauren Kura. Zaure fa, ba ɗaki ba. Kowa zai shiga gida sai ya tsallake kan ɗansa. Ni da na yi shekara goma sha biyu ina haya na san zafin wannan, kada wanda ya gaya mini.

Ran nan Kura ta ce, "Kurege, ka nemi wuri. Ruwan fari na sauka, kayanka na waje."

"Haba uwar ɗakina, da 'ya'ya bakwai?"

"Da bakwai ɗin."

To, Kurege ba gona, ba jari. Abin da ya mallaka duk duniya goro ɗaya ne da wata tsohuwar ganga da ya gada. Sai ya tafi wurin Kunkuru mai unguwa, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ajiye goron.

"Ranka ya daɗe, kangon nan na bayan kududdufi nake roƙo."

Kunkuru ya ce, "Na ba ka. Amma in ruwan fari ya same shi ba rufi, ya dawo hannuna."

Kurege ya kafa turaku huɗu a kangon, ya zagaye su da igiya, ya nufi wurin Ɓauna.

"Ɗaki nake ginawa, mai faɗin ƙofa, ƙaho ba ya taɓa bango. Kawo hayar shekara, gero dami biyar, ɗaki ya zama naka."

Ɓauna ya bayar. Da nan Kurege ya tsaya ya kira magini, da an wuce wurin. Amma kun san Kurege da kwaɗayi. Ɗakin nan dai ya kai wa Mugun Dawa, ya karɓi dami biyar. Ɗakin nan dai ya kai wa Kura da kanta, don tana neman inda za ta riƙa tara ƙashi, ya karɓi dami biyar.

Gero ya zo gida. Aka yi tuwo, Kurege ya ce, "Gobe a kira magini." Aka yi fura, ya ce, "Gobe a kira magini." Ana gobe ana gobe, sai ga mudu ɗaya ya rage, ga kuma hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Rana ɗaya su ukun suka iso kango. Ba komai sai turaku da igiya.

Ɓauna ya ce, "Ina ɗakina?"

Mugun Dawa ya ce, "Naka ko nawa?"

Kura ta lashe baki ta ce, "Ni ba ni da rigima. Ko ɗaki, ko ɗan kurege ɗaya kowace safiya."

Kurege dai bakinsa bai mutu ba. Ya ce, "Ai kowa da nasa, gobe ma nake gayya. Kunya ce ta hana ni gayyatarku, don na ji ana cewa a kasuwa teɓa ta gama da ku, ko tubali ɗaya ba ku iya ɗagawa."

Su ukun suka ce, "Wa ya faɗa?"

"Ba na kai gulma. Gobe dai mutane za su zo kallo."

Da safe matar Kurege ta dama mudun nan, kunu tsararo, kana ganin fuskarka a ciki. Kowa ya sha. Kun dai san gayya: ba a biyan kowa, kuma ba namijin da zai ajiye aiki ana kiran sunansa da ganga. Kurege ya ƙara turaku, ya rataya gangarsa, ya hau kan tsibin ƙasa.

"Ɓauna, mai kwaɓa ƙasa da ƙafa huɗu! Ga Mugun Dawa can yana cewa bangonka ba zai kai gwiwarsa ba."

Ɓauna ya yi huci, ya faɗa cikin laka.

"Mugun Dawa, haƙorinka ya fi diga. Kura ta ce na ado ne."

Mugun Dawa ya shiga tona, ƙasa na tashi.

"Kura, 'yar masu manyan kafaɗu. Sun ce wai mace ba ta ɗaukar azara."

Kura ta ɗauko biyu biyu, tana ɗingishi tana zagi.

Kwana biyar ana haka. Ganga ba ta huta ba, su ma ba su huta ba. Da ɗakuna uku suka tsaya da rufinsu, Kurege ya sauya kiɗa: "Wanda ya rufa na huɗu, shi ne sarkin gayya." Sai ga su suna ture juna a kan ɗakin da Kurege zai kwana da iyalinsa.

Ana saka indararo na ƙarshe ruwa ya ɓarke. Kunkuru ya iso a hankali, ya duba rufi, ya ce, "Fili ya zama na Kurege." Wallahi duk sanda na zo nan sai raina ya yi fari.

Ita kuwa Kura, kwana biyar tana gina gidan wani, nata ko yaɓe bai samu ba. Ruwan nan ya kwantar da shi har zauren. Dole ta kwaso kayanta ta dawo ɗakin ƙashi.

Shekara ta zagayo, Kurege ya zo karɓar haya. Kura ta kai ƙara wurin mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, da kafaɗata na gina ɗakin nan."

Kunkuru ya ce, "Kin sha kunu?"

"Na sha."

"An yi miki kiɗa?"

"An yi."

"To gayya kika yi. Biya mai gida."

Kura ta juyo ta sassauta murya. "Maigida, a ɗan ɗaga mini ƙafa zuwa kaka."

Kurege ya gyara zama, ya dubi gabas, ya ce, "Ba komai. Kina da lokaci har ruwan fari."

Ƙurunƙus, ta ƙare a nan, kowa ya kama gabansa. Wanda ke son gidan haya a cikinku kuma ba shi da ko sisi, kada ya wahalar da kansa neman magini, ya je ya koyi kiɗa.