Lawali Ya Jira Tikiti Ya Yi Araha

Akwai wani bawan Allah mai suna Lawali, mutumin Wara a ƙasar Ngaski, wanda ya fara neman abincinsa da kai busasshen kifi Legas a bayan babbar mota. Allah ya buɗa masa, ya bar kifi ya koma sayar da kayan sola. Yau yana Legas, gobe Abuja, jibi Fatakwal. Mutumin da ya tashi a cikin kwalekwale sai ga shi ya fi sabawa da kujerar jirgin sama.

Ba a raba Lawali da wayarsa. Akwai manhajar da ke gaya masa ranar da kuɗin tikiti zai sauka, akwai wadda ke tara masa maki in ya yi tafiya. Har zaure ya buɗe wa 'yan'uwansa 'yan kasuwa a WhatsApp, yana ba su labarin kamfanin da ya ƙara kuɗin kaya da wanda ya fara sayar da kujerar bakin taga. Suka laƙaba masa Sarkin Sama, shi kuwa kai ya yi ta kumbura.

Babban abin alfaharinsa shi ne, tunda yake bai taɓa biyan kamfanin jirgi tarar komai ba. Mutumin da zai jibga riguna uku a jikinsa cikin zafin Legas don kada jakarsa ta wuce kilo, yana gumi yana murmushi. Kada ku ɗauka rowa ce, hannunsa a sake yake. Shi dai kada a ce wani ya fi shi wayo.

Ana tsakiyar damina, wata Juma'a yana Legas, ƙanwarsa Zulai'atu ta kira shi daga gida.

"Yaya, jikin Inna ya tsananta. Mun kai ta asibiti Yelwa, sun ce mu maido ta gida. Ka taho."

Ya ce, "Ai ina da tikitin Birnin Kebbi na ƙarshen wata."

"Ƙarshen wata da nisa, Yaya."

Ya buɗe waya. Tikitin da ke hannunsa irin mai arahar nan ne, in za ka sauya rana sai ka biya tara mai tsoka. Sabon tikiti kuma ya yi tashin gwauron zabo saboda ƙarshen mako. Manhajar ta ba shi shawara ya dakata, farashi zai sauka ranar Talata.

Ya sake kira ya ce a ba Inna wayar. Shi ne ɗanta na fari, don haka hira ba ta taɓa yin tsawo a tsakaninsu ba.

"Inna, yaya jikin?"

Ya daɗe yana jin numfashinta kafin ta ce, "Da sauƙi. Alhamdu lillahi."

Wane ne bai san mara lafiyarmu ba? Ko yana kan gargara, ka tambaye shi, da sauƙi zai ce maka. Lawali ma ya sani sarai. Amma ranar amsar ta yi masa daɗi, sai ya ga damar yarda da ita.

Nan take ya tura wa Zulai'atu kuɗin magani, kuɗin da suka ninka tarar da yake gudu. Abin da ke ci mini rai a labarin nan ke nan. Da babu ce ta hana shi, da mun yi masa uzuri.

Ranar Lahadi sai ga kiran Kawu Idi, ƙanin Inna.

"Lawali, kuɗinka sun iso, amma ba su aka jira ba. Mi ka hana ka tahowa?"

"Kawu, kamfanonin nan so suke su yanke ni. Talata kaɗai nake jira, kuɗin zai sauka."

Tsohon ya ce, "Ni ban san na sama ba, na ruwa na sani. In hadari ya taso kana tsakiyar gulbi, ba ka tsayawa ciniki da mai jirgi. Allah shi kawo ka lahiya."

Maganar ta soke shi, amma bai motsa ba. Ya ce a ransa tsofaffi ba su san yadda harkar take ba.

Talata ta zo, farashi kuwa ya sauka kamar yadda manhajar ta faɗa. Ya sayi tikitin safiyar Laraba, har ya ɗauki hotonsa ya saka a zauren nan nasa. Aka yi ta yi masa kirari. Ko mutum ɗaya bai gaya wa abin da zai kai shi gida ba.

Laraba da safe aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka ɗaga lokacin tashi, aka sake ɗagawa. Can da rana wata murya ta sanar cewa an soke jirgin gaba ɗaya, sai wani jiƙon. Yana tsaye da jaka a hannu Zulai'atu ta kira.

"Yaya, kana ina? Tun jiya ko ruwa ba ya wucewa."

A nan wayo ya ƙare. Sarkin Sama ya shiga bin teburan kamfanoni ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, yana cewa ko nawa ne zai biya. Da ƙyar ya samu kujera ɗaya zuwa Abuja da yamma, a farashin da da wani ne ya biya, da Lawali ya yi mako yana yi masa dariya. Bai ko kalli adadin ba.

Ya sauka Abuja rana ta faɗi. Ba direban da ya yarda ya bi hanyar Kontagora cikin duhu, dole ya kwana. Da asuba ya yi shatar mota, suka shiga fama da ramuka da taɓo, shi kuma yana ta ce wa direba ya ƙara wuta.

Da hantsi, ba su ko kai Kontagora ba, wayar ta yi ƙara. Ganin sunan Kawu Idi kaɗai ya ishe shi.

"Sai haƙuri, Lawali. Inna ta cika. Za mu kai ta in an yi azahar."

"Kawu, don Allah ku jira ni. Ina hanya, wallahi ina hanya."

"Ta jira ka tana da rai, ɗana. Ba mu sa ta jiranka cikin likkafani. An gama kabari, ga hadari yana haɗowa."

Lawali ya kifa kansa a kan gwiwa ya yi kuka irin wanda rabonsa da yi tun yana yaro. Direban ya kashe rediyo.

La'asar sakaliya ya isa Wara. Ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, mutane sun dawo daga maƙabarta, taɓo bai bushe a ƙafafunsu ba. Aka yi ta miƙa masa hannu ana yi masa gaisuwa. Ba wanda ya tambaye shi abin da ya tsayar da shi, kuma wannan shirun ya fi masa zagi ciwo.

Ya shiga ɗakin Inna. An naɗe shimfiɗarta an jingine a bango, Zulai'atu na zaune a ƙasa idanunta sun kumbura. Ya durƙusa kusa da ita.

"Ta bar wata magana?"

"Ba ta bar wasiyya ba. Amma ran Litinin, da hankalinta garau, ta kira sunanka."

Ya ɗago da sauri. A al'adarmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, saboda kunya. Lawali ya haura arba'in, bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba. Wannan yaron take cewa, ko mutumin Legas.

Zulai'atu ta ce, "Gaban kowa ta hwaɗe shi, har da Kawu. Tana kallon ƙohwa. Da munka ce kana tahe, sai ta gyara ɗankwalinta."

Ya kama hannun ƙanwarsa. "Yaya ta faɗe shi? Faɗa mini yadda ta faɗa."

Zulai'atu ta buɗe baki, ta gwada, kuka ya ci ƙarfinta. Ta girgiza kai.

"Ban iyawa, Yaya. Muryatta ce, kuma ta tahi da ita."

Darasi: Kuɗin tikiti yana hawa yana sauka, amma ran iyaye in ya fita ba ya dawowa. In aka ce maka mahaifiyarka ko mahaifinka na kwance, ajiye lissafi da wayo, ka biya abin da aka ce ka kama hanya, kada garin neman gira ka rasa ido. Aike ba ya maye gurbin zuwa. Ku tura wa 'yan'uwanmu da ke nesa da gida, wataƙila akwai wanda yake jiran Talata a yanzu haka. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda suke raye.