Wanzamin Da Ya Juya Aska

An yi wani mutum a wani gari, tun da daɗewa, wanzami ne, ana ce masa Mati. Ba malami ba ne, jama'a, ba kuma attajiri ba. Daga shi sai zabirarsa.

A garin akwai wani tsoho, Baba Jatau, mai 'ya'ya maza huɗu, jikoki kuwa ba a magana. Da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, sai aka mayar da shi wani ɗaki can bayan gida, kusa da turken awaki. Ba su hana shi abinci ba, kada in yi musu ƙarya. A kai tuwo, a ajiye a bakin ƙofa, a juya. Gida cike da hayaniya, shi yana kwance yana saurare.

Ran Juma'a Mati ya yi masa aski. Ran Litinin tsoho ya jiyo muryarsa ta bayan danga, ya kira shi.

"Mati, zo ka aske ni."

Mati ya shiga, ya shafa kan. "Baba, ai gashin bai fito ba."

"Na sani, ɗana. Tun da uwar yaran nan ta rasu, babu hannun da ya taɓa ni sai naka."

Ku saurara. Mati ya buɗe zabirarsa. Ya jiƙa kan da ruwa, ya juya askar, ya sa bayanta da ba ya yanka, ya yi ta bin kan a hankali, suna hira. Daga ranar, duk Litinin da Alhamis sai ya zo. Babban ɗan, Sallau, har dariya yake yi: "Ga mai aske ƙwarya nan!"

Wata Alhamis da sassafe aka aiko wa Mati daga gidan wani attajiri, askin suna. Ya ce, "Akwai mai jirana, in na gama zan zo." Aka kira wani wanzamin, gidan bai sake nemansa ba.

Da Mati ya isa ɗakin tsoho, ya tarar da tuwon jiya a bakin ƙofa, ba a taɓa ba. Ya ɗora kan tsoho a cinyarsa.

"Na ɗauka yau ba za ka zo ba," in ji tsoho, da ƙyar.

"Ga ni, Baba."

Yana shafawa, yana maimaita masa kalmar shahada, har rai ya yi halinsa. Mati ne ya fito ya gaya wa Sallau. Sallau na tsakar gida yana shan kunu, taku goma tsakaninsa da ubansa.

Jama'a, ciyarwa ba ita kaɗai ce kula ba, ko awaki ana ba su dusa. Kai da ke da tsoho a gida, yaushe rabon da ka zauna kusa da shi, ka riƙe hannunsa? In an tashi daga nan, ka je. Kada ka aika, ka je da kanka.