Masassaƙin da Ya Ɗora Bene a Kan Kwale-kwale

Akwai wani masassaƙin jirgi a wani ƙauye a bakin babban kogi, tun zamanin da jiragen ruwa masu hayaƙi suka fara hawowa ƙasarmu. Gwani ne. In ya fafe gungumen maɗaci ya tura shi ruwa, sai ka ga kwale-kwalen ya kwanta lamo kamar a can aka haife shi. Aibinsa ɗaya ne, mutum ne mai mafarki ido biyu.

Kowace damina, in kogi ya cika ya batse, jirgin hayaƙi yakan tsaya a ƙauyensu ya ɗebi itacen da ake hura masa wuta da shi. Da sassafe yake bayyana, a hankali, daga cikin tururin da ke kwance a kan ruwa. Bututun hayaƙi ne yake fara fitowa, sa'an nan bene fari fat, sa'an nan mutanen da ke zaune a sama cikin inuwa kamar ba a duniyar nan suke ba. A bayansa wata babbar ƙafa irin ta amalanke tana juyawa tana dukan ruwa. Sai masassaƙin ya ajiye gizagonsa ya zauna a kan yashi, ya yi ta kallo yana zana jirgin da tsinke. Ya san tsawon bututun, ya san inda kowace taga take, ya san yadda rumfar ta lanƙwasa. In jirgin ya tafi, hayaƙinsa yakan daɗe a sama, shi kuwa ya fi hayaƙin daɗewa a wurin.

To, yana da 'ya, sunanta Rahila, tana aure a wani gari can gangaren kogi, ta kuwa kusa haihuwa. Matarsa ta shirya tafiya don ta yi mata wankan jego. Ta daka yaji, ta ƙulle kanwa da daddawa. Abin da ta fi ji da shi kuwa shi ne zanen goyon da ta saƙa wa jikanta da hannunta, zare bayan zare, tun saukar ruwan fari.

Ta ce, "Baban Rahila, ruwa ya fara ja da baya, jirgin naka kuma ya wuce, sai baɗi. Ka kai ni a kwale-kwalenmu."

Ya ce, "A kwale-kwale, kamar buhun dawa? Haba! A bene za ki sauka garin surukanmu, cikin inuwa."

Ta ce, "Ni dai in isa."

Amma wanda mafarki ya cika wa kai ba ya jin bari. Ya jawo kwale-kwalensa mafi kyau, siriri mai gudu, ya kafa masa dirkoki, ya ɗora katako a sama, ya yi rumfa, ya fitar da tagogi, ya shafe duka da farar ƙasa. Ya samo ƙaton gora ya shafa masa baƙin tukunya ya kafa a matsayin bututu, ya sa kasko da garwashi a ƙarƙashi don hayaƙi ya fita. Gaskiya abin ya yi kyau. Duk ƙauyen suka fito, mata suna guɗa.

Matar ta hau bene da kayanta. Ya tura jirgin, ya kama sanda. Suka ɗan taɓa tafiya, hayaƙi yana tashi, zuciyarsa fari ƙal, yana ji kamar gajimare yake tuƙawa. Sai wata 'yar iska ta taso, irin wadda ko hula ba ta cirewa. Benen ya karkata, ya sake karkatawa, sai jirgin ya kife.

Da ƙyar ya kamo hannun matarsa ya jawo ta gaɓa. Da ta amayar da ruwan da ta sha ta buɗe ido, ba ta zage shi ba, ba ta yi gori ba. Abu ɗaya ta tambaya: "Zanen fa?"

Kunya da baƙin ciki suka hana shi zama. Ya bi gaɓar kogi yana gangarawa, yana duba cikin ciyayi ko zanen ya maƙale. Bai ga zane ba. Amma da ya sha wata kwana, sai ga jirgin hayaƙin nan zaune a kan tudun yashi, ruwa ya janye ya bar shi. Ran nan ne ya fara ganin cikinsa ta ƙasa, inda ruwa ke rufewa. Faffaɗa ne kamar masussuka, shimfiɗaɗɗe, baƙi ƙirin da kwalta, babu ado ko ɗaya. Wani mutum yana durƙushe a gefensa da 'yar guduma, yana ƙwanƙwasa ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana saurare.

Masassaƙin ya yi masa sannu da aiki, ya ce, "Malam, ashe haka cikinsa yake? Ba ko fenti?"

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Baba, wa za a yi wa fentin, kifi? A inda na koyi ƙirar jirgi, ba a barinmu mu zana bututu sai mun gama da abin da ruwa zai rufe. Faɗin nan da kake gani shi ke ɗauke da benen. Gwargwadon abin da ke ƙasa, gwargwadon abin da za ka ɗora a sama."

Masassaƙin ya dafa cikin jirgin ya yi kuka. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne, ya san wannan tun yana yaro, ubansa ya koya masa. Kallon bene ne ya mantar da shi.

Ya koma gida, ya tsamo kwale-kwalensa, ya ɓalle sauran dirkokin, ya kai matarsa a ciki, kwale-kwalen tsirara yadda aka fafe shi. Suka isa lafiya. Amma sun tarar an riga an yi suna, ga jikansu kuma a bayan Rahila, goye da zanen maƙwabciya.

Ya ku 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Jirgin hayaƙi shi ne mutumin Allah na gaske, wanda muke gani muna sha'awa. Muna jin muryarsa a waƙa, muna jin daɗin addu'arsa a gaban jama'a, muna ganin yadda ake girmama shi, sai mu ce mu ma haka. Wannan duk bene ne da bututu. Abin da ke ɗauke da shi ba ma ganinsa: durƙuson da yake yi shi kaɗai a ɗaki, gafarar da ya yi wa wanda bai nema ba, gaskiyar da ya faɗa ranar da ƙarya ta fi sauƙi. Wannan shi ne abin da ruwa ya rufe, kuma nan ne Ubangiji yake dubawa.

Kada ka ɗora benen wani a kan siririyar zuciyarka. Roƙi Allah ya faɗaɗa ta tukuna. Gama iska za ta zo, ba ma sai babba ba. Ka kuma tuna, ranar da jirgin masassaƙin ya kife, ba shi ne a sama ba. Wadda ta amince da shi ce.